Wasan da Malama Ta Bari a Kunne

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kwana tara ke nan da Auta ta tafi da Malama. Na duba kalandar bango, na sake ƙirgawa da yatsa. Tara ne.

Likita ya hana ni doguwar tafiya a mota, gwiwoyina ma ba su jira ya hana ba. Saboda haka matata tana can asibitin garin da 'yarmu Auta ke aiki, tafiyar yini guda, ni kuma ina nan hawa na biyu. Jiya na wanke kofinta, alhali ba a sha komai a ciki ba.

Wannan littafi daga ƙasan akwati na ɗauko shi. Ragowar na ofis ne, mai jan layi a gefe. Shekara talatin da huɗu na yi ina akawun rajista, duk wasiƙar da ta shigo ko ta fita sai ta bi ta hannuna. Hannun bai saba zama haka kawai ba.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Auta ta kira a ƙaramar wayata mai madannai. Ta ce Baba ga Mama, ta kara mata a baki. Na ji muryarta, amma ban kama ko kalma ɗaya ba. Harshen ya yi nauyi tun daga ranar da ta faɗi, ni kuma kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya. Ina ta cewa to, to, madalla. Daga baya Auta ta karɓa ta ce, Baba, tambayarka take ko kana shan maganinka. Ni kuwa na ce mata madalla.

Da ina kallon bakinta da na gane. Shekara arba'in da takwas ina karanta bakin nan, ko daga ƙarshen ɗaki ta motsa leɓe na san me take nufi.

Auta ta ce in buɗe kwamfutar Mama mu yi kiran bidiyo, fuskarta babba ce, ga lasifika. Na gwada. Ta fito da dogon bayani da Turanci, na karanta har ƙasa. A taƙaice, ta tsufa, masu kiran sun daina hulɗa da irinta.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na leƙa ta taga na kira Injiniya. Shagonta yana ƙasan benenmu, tana gyaran waya da kwamfuta. Mace ce mai kamar shekara arba'in da biyar, da tabarau rataye da zare, da murya irin ta mai kiran fasinja. Malama ce ta koya mata lissafi a firamare, har yau idan ta gan ta sai ta gyara tsayuwa.

Ta dubi kwamfutar ta ce, Baba Akawu, wannan ai sa'arka ce, tare kuka yi makaranta? Na ce ni na girme ta da aji biyu.

Ga abin da ta bayyana, na rubuta don kada in manta. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Babbar manhajar da ke tafiyar da shi ce ta tsufa. Akwai wata mara nauyi da za a zuba a filash, wannan ɗan abin mai kamar ƙaramin yatsa, a ɗora ta daga can. Na ce ba za a goge wa Malama ko ɗigo ba. Ta ce ba sai an goge ba. Za a ja katanga a cikin ma'ajiyar, tsohuwar ta zauna a ɗakinta, sabuwar a nata, duk sanda aka kunna ta tambaye ni wanda zan shiga. Na ce to, wannan magana ce ta hankali.

Ta miƙa hannu za ta taɓa madannan, na ce a bari sai ta haɗa filash ɗin tukuna. Na rufe murfin da kaina.

Alhamis, 6 ga wata, da yamma

Injiniya ta rufe shago rabin awa ta hau da wayarta, muka kira Auta. Fuskar wayar ba ta fi tafin jariri ba, ga yanar idona. Na ga fari, na ga wani abu mai duhu a tsakiya yana motsi. Auta ta ce Baba ka gan ta? Na ce na gan ta sarai.

Ban gan ta ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu

Filash ya haɗu. Ta kawo shi, baƙi, ta manna masa farar takarda. Ta ce aikin awa ɗaya ne, a kashe kwamfutar, a soka shi, a kunna. Na tambaye ta ko ba ya yiwuwa sai an kashe. Ta ce Baba ai ba a sake wa mota inji tana tafiya. Na ce yau jikina babu daɗi, a bari sai Litinin.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta gaskiya, tunda littafin nawa ne.

Malama tana wasan karta a kwamfuta. Ba caca ba, wanda mutum ke yi shi kaɗai, ana jera ja a kan baƙi. Tun da ta bar koyarwa take yi, kullum bayan karin safe. Na yi ta tsokanarta, ina cewa tsohuwa da jikoki ta zama 'yar karta, me zan gaya wa mutane? Ita kuma ta ce ka gaya musu na fi ka abin yi.

Ranar da abin ya faru tana tsakiyar wasa. Ta tashi ta shiga kicin, na ji ƙarar murfin tukunya a ƙasa. Sauran ba zan rubuta ba.

Da na dawo gida washegari na ɗaga murfin kwamfutar, sai ga wasan yadda ta bar shi. Layi bakwai. Wasu katunan a buɗe, wasu a kife. A ƙasa akwai ɗan agogo da ke ƙirga daƙiƙun wasan, yana ta tafiya abinsa. Idan na rufe murfin sai ya yi barci, idan na ɗaga ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na taɓa jin tana mita cewa wannan tsohon wasan ba ya ajiyewa, da an kashe shi ke nan.

Tun ranar ban kashe ba. Caja ba ta fita daga bango.

Ni mutum ne da ya yi makaranta. Ban ce wani abu ya rataya a kan wasan ba. Nata ne, ba ta gama ba, za ta dawo ta gama. Iyakar maganar ke nan.

Lahadi, 9 ga wata, da rana

Na ɗaga murfin sau huɗu. Yana ƙirgawa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Injiniya ta zo. Na ce kafin a taɓa komai sai an yi kwafi, haka aka koya mana, ba a fitar da takarda ba tare da an ajiye 'yar'uwarta a fayil ba. Ta ce gaskiya ne, ita ma da niyyarta ke nan, ta zo da wani filash ɗin daban. Wannan aikin ba ya bukatar a kashe. Na ce ta bi a hankali kada ta rufe abin da ta tarar a buɗe. Ta kalli kartar, ta kalle ni, ta ture ta gefe.

Muka kwashe kayan Malama. Hotunan sunan jikoki, jarrabawoyin da ta tsara wa 'yan aji shida tun shekaru, wasiƙun da ta rubuta wa hukumar ruwa tana faɗa. Akwai wata jaka mai suna Akawu. Injiniya ta ce ko a buɗe? Na ce a'a. Bayan ta juya na ce to buɗe. Hotunana ne ina barci a kujera, baki buɗe, sun fi talatin. Kowanne da kwanan wata. Injiniya ta yi dariya har ta cire tabarau.

Na sa ta karanto sunan kowace jaka ina rubutawa ina sa alama. Aikin minti ashirin na mai da shi awa biyu. Da aka gama ta ce saura kashewa. Na ce dare ya kusa, mijinta na jira.

Talata, 11 ga wata, bayan la'asar

Auta ta kira ranta a ɓace. Ta ce wace irin mai gyara ce wannan, mako guda ba a gama ɗora abu ba? Ta ce Mama kullum ƙarfe huɗu take sa a ɗaura mata ɗankwali, ko yau za a kira. Na ce ai kin san masu gyara, aiki ya yi musu yawa.

Na ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba. Na rubuta a nan don ya zauna.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Ban karya ba sai sha ɗaya. Burodin ya bushe, na jiƙa shi a shayi.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku

Wuta ta ɗauke tun takwas na safe. Ba sabon abu ba ne, takan dawo kafin azahar. Yau ba ta dawo ba. Wajen ɗaya ɗan hasken da ke gefen kwamfutar ya koma ja yana ƙiftawa. Batirin tsoho ne, na san ba ya jimawa.

Na naɗe ta a tawul, na sa caja a aljihu, na kama ƙarfen bene. Matakala ashirin da biyu ne. Rabona da sauka tun ranar da na dawo daga asibiti, mai shagon kusa ke aiko min da abin da nake bukata. A ta sha huɗu gwiwar dama ta ƙi, na zauna a wurin da kwamfutar a cinya. Sauran na sauko su a zaune, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koyon rarrafe.

Injiniya ta gan ni a ƙofar shago ta saki abin da ke hannunta. Janaretanta na aiki. Na ce ta soka min caja kafin ta tambaye ni komai. Ta soka. Ta zaunar da ni a kujerar kwastoma, ta ba ni ruwa, sannan ta ɗaga murfin. Kartar tana nan.

Ta ce, "Baba, saboda wannan ne?"

Na ce nata ne, ba ta gama ba.

Ta daɗe tana goge tabarau da gefen mayafi. Ta ce, "Kwana shida filash yana hannunka. Ka iya sauko bene da gwiwar nan saboda karta, amma matar da ta jera kartar tana can tana..." Ba ta ƙarasa ba. Wani ya shigo karɓar waya, ta sallame shi da kyar.

Da wuta ta dawo ita ta ɗauki kwamfutar, mijinta ya riƙe ni muka hau. Na gaya mata abin da na ce wa Auta a kanta. Ta ce ba komai, an saba, ko ruwan sama ya shiga waya mai gyara ake zagi.

Juma'a, 14 ga wata, da hantsi

Gwiwa ta kumbura. Ina kwance. Kwamfutar tana kan kujerar Malama inda nake hango haskenta.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Injiniya ta hau da man zafi. Ba ta yi maganar filash ba. Ta ɗauki hoton wasan da wayarta, ta ce za ta buga min shi a takarda babba. Na gode mata. Amma na nuna mata waɗanda ke kife, na ce su fa? Hoto ba ya ganin bayansu. Ta ce babu yadda za a yi a san su sai an buga wasan. Ta ce ko in buga da kaina in ƙarasa mata. Na ce ban iya ba, kuma ko na iya ba a sa hannu a aikin wani.

Ta tambaye ni yadda muka haɗu da Malama. Na gaya mata. Takardar ɗaukarta aiki ce ta ɓata a ofishinmu, ta zo sau uku, a na ukun ta tsaya a gaban teburina ta ce ba za ta motsa ba. Na kwana biyu ina juye fayiloli. Ashe an sa ta a jakar masu gadi. Da na miƙa mata ba ta gode ba, cewa ta yi in gyara rubutun sunanta, akwai harafi ɗaya da ya ɓace. Injiniya ta ce ai har yau haka take, ta taɓa maido mata da rasit saboda waƙafi.

Ban san na yi kewar yin magana haka ba.

Lahadi, 16 ga wata, da safe

Na zana wasan a shafin baya na littafin nan, da jan biro da baƙi. Layi na ɗaya sarki baƙi, da sarauniya ja a kansa. Na uku ya ƙare da bakwai ja mai zuciya. Na shida da tara baƙi mai kamar ganye. Waɗanda ke kife na zana su fanko, goma sha ɗaya. Na duba sau biyu, na sa hannu da kwanan wata a ƙasa, ban san don me ba.

Litinin, 17 ga wata, bayan azahar

Auta ta kira ba a lokacinta ba. Muryarta a kwance, irin wadda take yi idan ta riga ta yi kuka ta wanke fuska. Likitoci sun zauna. Ranar Alhamis da safe za su shiga da ita ɗakin tiyata. Ta faɗi sunan aikin, ban riƙe ba, ban kuma ce ta maimaita ba. Ta ce an ba ta takarda ta sa hannu. Na tambaye ta ko ta karanta duka kafin ta sa. Ta ce Baba na karanta.

Sai ta ce, "Baba, kafin Alhamis. Don Allah."

Na ce to.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na ɗaga murfin na zauna ina kallo har aka kira magariba. Ban taɓa komai ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An yi.

Da safe na leƙa taga na kira Injiniya. Ta hau, ta ja kujera kusa da tawa. Ta ce ko ita ta kashe. Na ce a'a, ta nuna min wurin kawai. Kibiyar tana yawo a fuskar kwamfutar kamar ƙuda, sai da ta dafa min wuyan hannu. Kwamfutar ta tambaya ko na tabbata, akwai wasan da ba a gama ba. Na karanta tambayar har ƙarshe. Na danna.

Fankar cikinta ta tsaya. Ban san tana ƙara ba sai da ta yi shiru. Kwana ashirin da huɗu ke nan da wannan ƙarar a ɗakin.

Na duba ƙaramar wayata. Ba ta yi ƙara ba. Injiniya ta ga na duba, ta juya tana neman filash a jaka alhali yana hannunta.

Ta soka shi a gefe. Ta ce da an kunna akwai wani madanni a layin sama da za a yi ta bugawa da sauri, don kwamfutar ta tashi daga filash ba daga cikinta ba. Na ce ni zan buga. Na makara, tsohuwar manhajar ta buɗe, fuskarta fayau babu karta. Na kau da kai. Muka sake kashewa. Karo na biyu ma na makara. Ta ce Baba ba takardar sallama kake bugawa ba, ba a tunani, duka ake yi. Karo na uku na yi ta dukansa da yatsa biyu kamar zamanin tafireta, sai ga jerin sunaye ya fito. Ta zaɓi filash.

Sabuwar ta buɗe don gwaji, ba ta taɓa komai a ciki ba tukuna. Injiniya ta gwada kyamara. Wani tsoho ya bayyana, gemu ba gyara, wuyan riga a karkace. Na ce wane ne wannan? Ta ce mijin Malama ne, kuma idan ta gan shi haka ni da kai duk mun shiga uku.

Sai aka zo wurin da ya fi haɗari. Layi biyu ne a rubuce. Na sama ya ce a ɗora sabuwar kusa da tsohuwar. Na ƙasa ya ce a share komai a ɗora. Tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Na ce ta ɗauke hannunta. Na kwafe layukan biyu a takarda, na karanta da ƙarfi, na sa ta ita ma ta karanta, sannan muka zaɓi na sama. Ta ce da kowa haka yake da rabin masu zuwa shagonta suna kuka ba su zo ba.

Daga nan ta nuna min wata sanda a kwance da ake ja dama ko hagu, ita ce katangar. Ta ce nawa za a bar wa tsohuwar, nawa za a ba sabuwar? Ta sa a tsakiya. Na ce a'a, ba haka muke rabo a gidan nan ba. Kabad ɗin kaya ƙofa uku ne, biyu nata. Gado ma haka. Ta ja har sai da na Malama ya kai kashi biyu cikin uku.

Ta tambayi sunan da za a sa. Na ce Akawu. Kalmar sirri na rubuta a wani wuri, ba nan ba.

Sauran jira ne. Wani layi yana cika a hankali, ta ce kada a taɓa, kada wuta ta ɗauke. Mijinta yana ƙasa kusa da janareta da doguwar waya a hannu ko da za a bukata. Ban san ta shirya haka ba. Na haɗa mata shayi, na zuba mata a kofin Malama don shi ne mai kyau.

Da ya cika ta zare filash, ta sake kunnawa. Baƙin allo ya fito da suna biyu. Na ce a fara shiga na Malama. Komai yana nan, hotuna, jarrabawoyi, wasiƙun ruwa, da ni ina barci. Sannan muka shiga sabon.

Auta ta ce yau an hana, ana ta gwaje-gwaje. Gobe ƙarfe huɗu.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na gyara gemu. Na yanke kaina a wuri biyu. Na sa farar rigar da take so, na cire, na sake sawa.

Laraba, bayan magariba

Na gan ta.

Injiniya ta haɗa kiran ta sauka, ta ja mana ƙofa. Fuskar ta cika kwamfutar. Ta rame. Gefen bakin na dama ya sauka. Ɗankwalin shuɗi ne, Auta ba ta iya ɗauri ba, ya karkace. Ta daɗe tana kallona, sai leɓen ya motsa, na kuwa karanta tsaf: wa ya yi maka aski? Na ce ni. Ta ce an gani.

Auta tana gefe za ta fassara min, na ce ta huta, ina ganewa.

Muka yi maganar magani, da gwiwa, da furannin taga da na manta ban ba ruwa ba. Sai ta tambayi abin da ya sa aka daɗe. Auta ta fara cewa mai gyara ce, na ce a'a, ni ne. Na gaya mata duka. Na ce na kashe mata wasa, ta yafe min. Na ɗauko littafin nan na buɗe shafin baya na kara a kyamara, na ce ga shi na kwafe, amma sha ɗaya da ke kife sun tafi.

Ta sa Auta ta matso da wayar. Ta bi zanen da ido layi bayan layi, kamar tana duba jarrabawa. Sai kafaɗarta ta fara rawa. Na tsorata, na ɗauka wani abu ne. Dariya take, da rabin baki, har hawaye.

Ta ce, "Akawu. Wasan nan ya toshe. Sau uku na zagaye katunan, babu inda za a sa ko ɗaya. Shi ya sa na tashi."

Na ce ba gamawa za ki yi ba?

Ta ce, "Sabo zan raba."

Auta ta kifa kai a gefen gado tana dariya tana kuka, har wata nas ta leƙo ta ce a rage. Ni ban san me fuskata take yi ba.

Da ta lafa ta tambaye ni kwana nawa na riƙe filash ɗin. Na ce sha ɗaya. Ta ɗaga hannun da ke aiki ta yafito ni. Ta ce in matso, kaina kawai take gani da bango. Na ja kujera har gwiwata ta bugi tebur. Ta ce haka.

Muka zauna. Ba mu ƙara magana mai yawa ba har aka ce lokaci ya yi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe takwas na safe

An shiga da ita.

Alhamis, ƙarfe sha biyu

Shiru. Injiniya ta hau sau biyu. Na ba furannin ruwa, ya yi yawa, ya zubo a ƙasa.

Alhamis, ƙarfe uku da kwata

Auta ta kira. An fito. Sun ce a jira a gani zuwa gobe. Na zauna a ƙasa kusa da gado, ban san lokacin da na sauka ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kunna da kaina, na zaɓi sabon, na haɗa kiran ba tare da kowa ba. Sau biyu na yi kuskure.

Tana barci. Auta ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta ce ta farka da safe ta sha ruwa cokali uku, ta tambayi ko na karya. Ta jingina wayar da butar ruwa a kan ɗan teburin gado, ta ce bari ta je ta yi salla, in kula mata da ita.

Na kula da ita. Akwai roba a hancinta, kan a naɗe da fari. Bakinta a buɗe yake kaɗan. Da na san yadda ake ɗaukar hoto a sabuwar manhajar nan da na rama ko ɗaya.

Sau ɗaya ta motsa hannu a kan bargo, ta sake lafawa.

Auta ta dawo ta ce cajin wayarta ya kusa ƙarewa, ta bar caja a gida, ko in ba ta izini ta kashe. Tana faɗa tana kallona a tsorace, kamar mai tambayar abu mai nauyi.

Na ce, "Kashe, 'yata. Gobe ƙarfe huɗu ki ɗaura mata ɗankwalin da kyau."